Ina so in tsaya takarar kansila, wace irin rayuwa ce ke jirana?

Tambaya: "Assalamu alaikum Baba. Shekaruna 31, ina da shagon kayan gini a bakin titin unguwarmu, ina da mata da 'ya'ya biyu. Matasan mazaɓarmu sun matsa mini lamba in fito takarar kansila a zaɓe mai zuwa, har wasu dattawa sun sa baki. Gaskiya raina ya biya, amma ban san ainihin aikin ba. Mene ne aikin kansila? Ana samun abin rufin asiri a ciki? Kuma tsani ne da mutum zai taka ya yi gaba a siyasa, ko ɓata lokaci ne? Ina tunanin sayar da shagon in yi hidimar takara da kuɗin."

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka buga fosta. Abu uku ka tambaya, wato aikin, da samun da ke cikinsa, da inda yake kai mutum. Amma maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ka ajiye a ƙarshe, ta sayar da shago, kuma zan dawo kanta. Na yi shekara 11 ina akawun majalisar kansiloli a wata ƙaramar hukuma a Arewa maso Yamma kafin in yi ritaya. Ni ke rubuta bayanin zama, ni ke ajiye takardun ƙuduri, a gabana aka rantsar da kansiloli rukuni bayan rukuni, a gabana kuma suka kwashe kayansu suka tafi. Abin da zan faɗa maka daga wannan kujera na gan shi. Ka sani kowace jiha da tata dokar ƙananan hukumomi, don haka abin da ya shafi wa'adi da sharuɗɗan takara, dokar jiharka ce za ta yanke maka hukunci.

Asalin kujerar

A zamanin En'e, sarki da 'yan majalisarsa ne ke riƙe da mulkin ƙasa, hakimai da dagatai da masu unguwanni na ƙarƙashinsu, su ke karɓar haraji da jangali. Gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976 shi ya kawo tsarin ƙaramar hukuma iri ɗaya a duk faɗin Najeriya, ya mayar da ita mataki na uku na gwamnati, ya kuma janye ikon zartarwa daga hannun sarakuna. A 1991, lokacin Janar Babangida, aka raba ƙaramar hukuma gida biyu: ciyaman da muƙarrabansa a ɓangaren zartarwa, zaɓaɓɓun kansiloli a ɓangaren majalisa. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓu, amma ya bar wa majalisar dokokin kowace jiha ta tsara yadda za su kasance. Yau akwai ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809 a ƙasar. Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta ɗaya.

Ka bambance abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai zaɓaɓɓen kansila, wanda kai kake son zama. Akwai kuma kansila mai gafaka, wanda ciyaman ke naɗawa ya kula da wani sashe, kamar lafiya ko ayyuka ko noma. Mai gafaka kamar kwamishina yake a jiha, kai kuwa kamar ɗan majalisar dokoki. Mai gafaka ya fi kusa da fayil da kwangila, amma ranar da ciyaman ya ga dama zai sallame shi. Kai jama'a ne suka aiko ka, kuma wannan shi ne kaɗai ƙarfin da za ka shiga sakatariya da shi.

Aikin da ke takarda, da aikin da ke ƙofar gida

A takarda, aikinka uku ne. Za ku yi ƙananan dokoki na cikin gida, ku tantance kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo ku amince da shi, sannan ku bi sawun yadda aka kashe kuɗin. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya jera abubuwan da ke wuyan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, ƙananan hanyoyi da fitilun titi, sanya wa tituna suna da lambar gidaje, lasisin keke da amalanke da baro, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan tana da hannu tare da jiha a makarantun firamare, da yaƙi da jahilci, da kiwon lafiya, da noma. Duba wannan jeri da kyau. Babu wani abu a ciki da talaka ba ya taɓawa tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Shi ya sa har yau raina ke ɓaci idan na ji wani ya ce kansila ba komai ba ne.

Sai dai mutanen mazaɓarka ba wannan takarda za su karanta ba. Akwai wani kansila da gidansa ke kan hanyata ta zuwa masallaci. Kafin a rantsar da shi, dakalin ƙofar gidansa ba kowa sai yara masu wasa. Mako guda bayan rantsuwa, duk ranar da na fito daga sallar asuba sai in tarar da mutane a jere. Tsohuwa ta ƙulle katin asibiti a bakin mayafinta. Saurayi riƙe da takardar kuɗin jarrabawa ta naɗe har ta fara yagewa a kan ninki. Wani matarsa ta haihu, suna jibi, babu rago. Wasu mutum huɗu sun zo a madadin layinsu, transfoma ta ƙone wata biyu suna cikin duhu. Shi kuwa yana tsaye da jallabiyar barci, ko karin kumallo bai yi ba, yana sa hannu a aljihu. A cikin duk waɗannan buƙatu babu ko ɗaya da doka ta ba shi kuɗin yi. Transfoma ma ba hurumin ƙaramar hukuma ba ce, ta kamfanin rarraba wuta ce. Amma wa zai tsaya yi wa tsohuwa mai katin asibiti bayanin jadawali na huɗu?

Wannan ita ce rayuwar kansila ta zahiri. Sanata yana Abuja, ɗan majalisar jiha yana babban birni, ciyaman yana da 'yan sanda a ƙofa. Kai kana nan cikin unguwa, a sahu ɗaya kuke sallah da waɗanda suka zaɓe ka, matarka tana haɗuwa da matansu a gidan suna, 'ya'yanka suna islamiyya ɗaya da 'ya'yansu. Za a tashe ka ƙarfe biyu na dare saboda an kama wani yaro an kai caji ofis. Za ka raka gawa, ka ɗaura aure, ka shiga tsakanin maƙwabta a kan kwata. Idan ruwan sama ya rushe katanga, kai za a fara kira. Duk laifin gwamnati, daga tsadar taki har rashin malamai a firamare, a kanka zai sauka, domin kai ne gwamnatin da hannu ke iya kaiwa gare ta.

Ba ina ba ka tsoro ba ne. Wasu mutanen an halicce su da son irin wannan hidima, suna jin daɗinta, kuma Allah yana ba su lada a kai. Amma ka tambayi zuciyarka tun yanzu ko kana cikinsu.

Maganar kuɗi

Kansila yana da albashi da alawus-alawus, akwai kuma kuɗin sallama da ake biya bayan ƙarewar wa'adi. Adadin ya bambanta daga jiha zuwa jiha kuma yana sauyawa, don haka ka nemi wani kansila mai ci a jiharka ya nuna maka takardar albashinsa da idonka, kada ka dogara da jita-jitar majalisar shayi. Abin da na gani shekara da shekaru shi ne, kuɗin zai riƙe gida ɗaya cikin rufin asiri, amma ba zai riƙe mazaɓa ba. Mafi yawan kansilolin da na yi aiki da su, kafin goma ga wata albashin ya ƙare a ƙofar gida.

Don ka gane dalilin da ya sa ayyuka ba sa zuwa, sai ka san hanyar da kuɗin ke bi. A rabon asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan kuɗin ya daɗe yana bi. A aikace, sai an cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da ayyukan haɗin gwiwa da jiha ta tsara, sannan ragowar ta iso sakatariya. Sau da yawa abin da ya iso bai wuce na gudanar da ofis ba. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnoni 36, ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi ko kwamitin riƙo. Hukunci ne mai girma, kuma na yi farin ciki da shi ƙwarai. Amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, don haka kada ka gina lissafinka a kan cewa za ka tarar da baitulmali cike.

Duk da haka kada wani ya ce maka kansila ba ya iya komai. Bari in ba ka labarin da ba na mantawa. Wata shekara aka kawo mana daftarin kasafi ana gobe zama, kamar yadda aka saba, don kada kowa ya sami lokacin karantawa. A cikin kansilolinmu akwai wani tsohon malamin firamare, mutum mai sanyin magana. Ya tafi da nasa kwafin gida. Washegari ya shigo da shi duk ya sha jan biro, da 'yar rularsa ta katako a hannu, yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo shafin ayyukan bara, sai ya ɗaga hannu ya ce ya ga an rubuta an kammala kwalbati a mazaɓarsa, shi kuwa da safen nan ta wurin ya biyo, katako biyu ne aka gitta a kan kwatar, kuma a makon da ya wuce wata yarinya mai tallar awara ta faɗa ciki. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ya nemi a rubuta a bayanin zama cewa kwamitin ayyuka zai je ya gani kafin a amince da kasafin. Ni na rubuta da hannuna. Aka je aka ga katakon. Kafin damina ta gaba an gina kwalbatin. Daga wannan rana duk takardar da za a kawo majalisa sai an sake dubanta a ofis, saboda an san akwai mai karantawa.

Ikon kansila ke nan na gaskiya, kuma yawancinsu ba sa amfani da shi. Wasu ba su iya karanta kasafi ba, wasu kuma suna tsoron ɓata wa ciyaman rai. A dokokin jihohi da dama majalisa tana da ikon tsige ciyaman, amma abin da na fi gani shi ne a yi barazanar tsigewa don a sami kaso, a sasanta a daren, gari ya waye kamar ba a yi ba. Wannan ɗabi'a ita ta zubar da mutuncin kujerar a idon jama'a.

Yadda ake samun kujerar

A nan ma gara ka ji gaskiya. In ban da Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi 6 na birnin tarayya, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen kansila, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta da amincewar majalisar jiha. Sakamakon da aka saba gani a kusan kowace jiha shi ne jam'iyyar gwamna ta share komai. Dubi Kano: a Janairun 2021 APC ta cinye kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, a Oktoban 2024 kuma NNPP ta cinye su duka. Jam'iyya ce ta sauya, salon bai sauya ba, kuma haka abin yake a jihohin PDP da na sauran jam'iyyu. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, ainihin zaɓenka ba ranar jefa ƙuri'a ba ne, ranar da jam'iyya za ta fitar da ɗan takara ne. Shi ma zaɓen fid da gwanin galibi maslaha ake yi, manyan jam'iyya na ƙaramar hukuma su zauna su rubuta sunaye.

Saboda haka matasan da ke zuga ka, ka tambaye su su waye shugabannin jam'iyya na mazaɓa, kuma ko an yi magana da su. Ka bincika ko akwai yarjejeniyar karɓa-karɓa tsakanin unguwanni ko ƙauyukan mazaɓar, domin idan ba layinku ba ne wannan karon, ko kai ne mafi farin jini ba za a ba ka ba. Ka gaida dagaci da masu unguwanni da limamai, ba don su yi maka kamfe ba, don kada su ji labarinka a bakin wani. Ka kuma lura da masu cewa "fito muna bayanka". Wasu da gaske suke, wasu kuwa shagon suka hango. Kuɗin fom ma ba wasa ba ne: a 2024 hukumar zaɓen Kano ta sanar da naira miliyan 5 a matsayin kuɗin fom ɗin kansila, har maganar ta kai kotu. Ban da wannan ga fosta, ga taro, ga mai, ga wakilan rumfa.

Wani abu kuma da nake roƙonka da girman Allah: kada ka tara 'yan jagaliya. Yaron da ka saya wa ƙwaya ya yi maka ihu a taro, shi zai tsaya a ƙofar gidanka shekara uku, kuma alhakin lalacewarsa yana wuyanka.

Shin tsani ne?

Yana iya zama. Mai Mala Buni ya fara ne da kansila a ƙaramar hukumar Gujba a farkon shekarun 1990, har ya shugabanci majalisar kansilolin. Ya zama sakataren APC na ƙasa a 2014, aka zaɓe shi gwamnan Yobe a 2019. A Ingila, John Major ya yi kansila a Lambeth daga 1968 zuwa 1971 kafin ya zama firaminista a 1990, Sadiq Khan kuma ya yi shekara 12 yana kansila a Wandsworth kafin daga baya ya zama magajin garin Landan a 2016. Amma ka lissafa tazarar. Tsakanin kansilancin Buni da gwamnansa kusan shekara 30 ne, kuma ba a kan kujerar gwamnati ya yi su duka ba. Sannan ka tuna kujerun dubbai ne, a kowane zagaye ana cika su da sababbin mutane. Nawa ne a ciki ka taɓa jin sun kai majalisar jiha?

Abin da na gani a ƙaramar hukumarmu shi ne, ƙalilan sun zama ciyaman ko mataimaki, wasu sun sami muƙamin mai ba da shawara, mafi yawa sun koma inda suka fito. Wa'adin gajere ne, shekara biyu a wasu jihohi, uku ko huɗu a wasu, kuma saboda karɓa-karɓa ba kasafai ake maimaitawa ba. Abin da kujerar ke ba mutum mai hankali shi ne sani: ya san yadda fayil ke tafiya, ya san ma'aji da daraktan ma'aikata da injiniyan ayyuka, ya san kowane lungu na mazaɓarsa da wanda ake jin maganarsa a ciki. Wanda ya fita da wannan sani da kuma sunan kirki, jam'iyya tana sake nemansa. Wanda ya fita da bashi da gaba, shi ke nan.

Shagon

Kada ka sayar da shi, ɗana. Ban cika yanke wa mutum hukunci a kan dukiyarsa ba, amma a wannan ba zan yi kwana-kwana ba. Na san wani da ya sayar da gonar gado ya yi takara, ya ci, ya yi wa'adinsa. Shekara biyu bayan saukarsa ina ganinsa kusan kowace Litinin a barandar sakatariya da fayil a hammata, yana bin kuɗin sallamarsa da ba a biya ba. Mutanen da a da ke miƙewa idan ya shigo, yanzu wucewa suke yi suna duban waya. Wata rana ya roƙe ni kuɗin mota. Na ba shi, na shiga ofis na rufe ƙofa, na daɗe ban iya ɗaukar biro ba.

Ban da talaucin bayan sauka, akwai wani dalilin da ya fi wannan. Kansilan da ba shi da wata hanyar samu sai albashi da ɗan abin da ciyaman ya miƙo, ba zai iya ɗaga hannu a zaman kasafi ba. Malamin nan mai rula yana da gonarsa da 'yan awakinsa, shi ya sa bakinsa ya buɗe. Shagonka shi ne 'yancinka a cikin majalisa. Idan tikitin ba zai samu ba sai ka sayar da shi, to ka haƙura da wannan zagayen, ka shiga shugabancin jam'iyya na mazaɓa ko ƙungiyar ci gaban unguwa, ka yi aiki a san ka, shekarunka 31 ne kawai.

Idan kuma ka yi istihara ka ga za ka shiga, ka ware adadin da za ka iya asararsa ba tare da gidanka ya girgiza ba, ka rubuta shi, kada ka wuce shi ko da ana gobe zaɓe ne. Ka damƙa shagon a hannun ɗan'uwa amintacce da littafin lissafi, kuma kai da kanka ka riƙa duba littafin kowace Juma'a. Ka zauna da maiɗakinka ka faɗa mata cewa tukunyarta za ta ƙaru kuma ƙofar gidan ba za ta sake rufuwa da wuri ba, ka ji ta bakinta da gaske. Ka nemo dokar ƙananan hukumomi ta jiharka da kasafin ƙaramar hukumarku na bara ka karanta, in ya gagare ka ka kai wa wani tsohon ma'aikacin baitulmali ya bi da kai layi-layi. Kada ka yi alƙawarin titi ko asibiti a kamfe. Ka zaɓi abu biyu ko uku da ke cikin hurumin ƙaramar hukuma, irin su gyaran rijiyar burtsatse da ta mutu, ko rufin aji, ko magudanar da ke cinye layinku duk damina, ka ce a kan waɗannan za ka tsaya.

Sannan kafin ka sayi fom, ka nemi tsofaffin kansilolin mazaɓarku guda uku, waɗanda suka sauka aƙalla shekara biyar da suka wuce. Ka je gidajensu bayan la'asar, kai kaɗai, ba tare da matasan nan ba. Ka tambayi kowannensu nawa ya kashe, nawa ya fita da shi, wane aiki ne a mazaɓar zai iya nuna maka da yatsa ya ce nasa ne, kuma da wa da wa suka daina gaisawa tun daga lokacin. Idan ka dawo ka rubuto mini abin da suka ce, sai mu ɗora daga nan.